Yaya Mero, Yau Ni Na Yi Lissafin Allurar

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, Allah ya karɓi ran Hajiya Mero a nan Guangzhou bayan gajeriyar jinya. Sai da na haifi 'ya'ya uku na shiga ajin manya na koyi baƙi, don haka a yi haƙuri da rubutuna.

Yaya Mero, ranar da aka ce 'yata Najiba tana da ciwon suga, ke kika rufe shagonki na unguwar Xiaobei kika raka mu asibiti, domin kin yi aikin jinya a Kano kafin ki kama kasuwanci. Likita ya yi bayani da Turanci cewa sai an gwada jini, an auna abinci, sannan a san yawan allurar sugan da za a yi mata. Ya ce mu koyi "crunch the numbers". A jirgin ƙasa kika fassara mini. Kika ce haka Turawa suke faɗa idan lissafi ya yi yawa, sai an zauna an bi shi daki-daki kafin a yanke shawara. Ba a faɗar haka a kan lissafin da ake yi da ka.

Na ce ba zan iya ba. Kowane cin abinci sai na tura miki hoton farantin, ki turo amsa ko kina tsakiyar ciniki. Daga baya kika ƙi ba ni amsa sai na fara faɗin tawa. Na yi fushi. Kika ce, "Lami, in wayata ta mutu fa? Yarinyar ta zauna da yunwa?"

Yau da safe Najiba ta ce shinkafa take so. Babanta yana Kano. Na auna, na raba, na sake rabawa, amsa ɗaya ta fito. Na ɗauki waya zan tura miki, sai na tuna. In allurar ta yi yawa za ta iya suma, in ta gaza suganta ya hau. Na yi bisimilla na yi mata, ta tafi makaranta. Tun ɗazu wayar tana cinyata, ina tsoron kada malamarsu ta kira.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Alhaji Kallamu da ɗanki Zayyad da dangi na Kano, Allah ya ba su haƙuri. Duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ya sa Najiba a ciki. Ba a tashe su daga makaranta ba tukuna.