Ruwan da Na Hana a Zuba wa Ƙanena

Edita, ina yi maka sallama, ina kuma roƙon ka buga wannan wasiƙa ba tare da sunana ba. Shekara huɗu da suka wuce ina da shagon yadi a Kasuwar Kwastam a nan Maiduguri, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma ni ne babba a gidanmu tun bayan rasuwar mahaifinmu. A lokacin ni irin mutanen nan ne da ba a gaya musu magana. Ko gishiri aka ce ya yi yawa a miya, sai na kawo hujjar cewa bai yi ba. Asalinmu makiyaya ne, a bayan shanu na tashi kafin mu dawo gari, kuma da wannan na fi tinƙaho. Mahaifinmu yakan fita da garke da sassafe, gorar ruwa na rataye a kafaɗarsa, ba ya buɗe ta sai shanu sun sha. Haka ya horar da ni, ni kuma na ɗauka juriyar ƙishirwa ita ce ma'aunin namiji. Duk wanda na ga yana yawan kurɓar ruwa a kasuwa sai in tsokane shi, in tambaye shi ko kifi ne shi.

Autanmu a gari aka haife shi, bai taɓa bin saniya ba. Yana da shekara ashirin da huɗu a lokacin, mai jiki ne, mai sanyin hali, ko zaginsa ka yi dariya zai yi maka. Ba shi da buri sai na shiga aikin ɗamara. Ya taɓa zuwa tantancewa sau ɗaya, takardunsa suka wuce lafiya, gudu ya kayar da shi. Da aka sake buɗe ɗaukar aiki, saura mako uku, sai ya same ni a shago ya durƙusa, ya ce tunda ni na san wahalar daji, in horar da shi. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai. Na dafa tumbinsa na ce kafin ranar zan narkar masa da wannan tulun, muka yi dariya tare.

Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara. Wanda ya san garin nan ya san abin da nake nufi. Ƙofar shago ta ƙarfe ba ta taɓuwa da hantsi, 'yan kasuwa sai ka gan su zube a gindin darbejiya suna fifita. A cikin wannan yanayi na tsara masa horo. Na ce tunda a rana ake tantancewa, a rana zai koya, saboda haka daga ƙarfe sha ɗaya za mu fara. Na zaɓi busasshen kogin Ngadda ta bayan Gamboru, domin gudu a yashi ya fi ƙarfafa ƙafa. Na ɗauko ledar da ake naɗo dilar yadi a ciki, na huda mata wuya da hannuwa, na ce ya riƙa sakawa a ƙarƙashin rigarsa, don a wurina zufa kitse ne ke narkewa. Sai doka ta ƙarshe, wadda na gada: ba shan ruwa sai an gama. Shi yana gudu a cikin yashi, ni ina biye da shi ta bakin gaɓa a kan keke, da malafa a kaina, gorar ruwan kuwa tana ɗaure a bayan kekena.

Kwana tara muka yi a haka. Jikinsa bai ɓoye mana komai ba, ni ne na yi kunnen uwar shegu. Ya gaya mini kansa na sarawa, na ce lalaci ne ke fita. Ya ce fitsarinsa ya koma kalar shayi, na ce dattin ciki ne. Wata rana jijiyar ƙafarsa ta ɗaure har ya zauna a yashi yana murzawa, na ce alama ce ƙafa ta fara ƙwari. Sau ɗaya ya roƙe ni, cikin ladabi, ko za mu mayar da gudun bayan sallar asuba. Na tambaye shi ko an gaya masa a inuwa ake tsaron ƙasa. Bai sake ɗaga maganar ba. Ya rame kuwa, mutane suna ta yaba mini, ni ma ina ta hura hanci.

A rana ta goma, mun yi zagaye uku, sai na ga gudunsa ya karkace, yana tafiya kamar wanda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na daka masa tsawa na ce saura ɗaya. Ya tsaya ya ɗago kai ya dube ni, ya zage ni. Yaron da tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga mini murya ba. Daga nan ya fara waige-waige yana tambayata ina shanun suka yi, wai Baba zai yi faɗa. Ya kamata a ce a nan na gane hankalinsa ya gushe, amma zagin ne kawai ya tsaya mini a rai. Na ce ya gama zagayen tukuna, in mun je gida zai maimaita a gaban Inna. Ya yi taku kamar goma, ya kife da fuska a cikin yashi.

Da na juyo da shi, fatar wuyansa ta ƙona mini hannu. Idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba, jikinsa na karkarwa. A daidai lokacin wani dattijo mai ruwa ya zo wucewa ta bakin gaɓa da kurarsa cike da jarkoki, daga burtsatse ya ɗebo. Na san shi a kasuwa, yana cikin mutanen da rikici ya koro daga ƙauyukan Konduga. Ya bar kurar, ya sungumi jarka ɗaya ya gangaro da ita cikin yashin da ƙyar, ya taɓa goshin yaron, ya fara kwance murfi. Na riƙe masa hannu. Tun muna yara Inna take gargaɗinmu cewa ba a zuba wa mai zufa ruwan sanyi, shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki, ko wanka ba ta barinmu mu yi sai mun huce. Dattijon ya dube ni ya ce da Hausarsa mai garɗin Barbarci:

"Ɗana, rana ce ta buge shi. Cire masa kayan nan, bari in zuba."

Na ce masa ni ne yayansa, kuma na san abin da nake yi. Ya sake roƙona, ya ce a gona sun sha ganin haka, ruwa ne maganinsa. Na ce ya ɗauke jarkarsa. Da na ga karkarwar ta ƙaru, sai na tuɓe rigata na lulluɓa masa a kan ledar da ke jikinsa, wai sanyi yake ji. Dattijon bai tafi ba. Ya tsaya riƙe da murfin jarkar a hannu, daga baya ya kama mini muka ɗauki yaron muka hau gaɓa da shi.

Mun daɗe kafin mu samu keke napep, muka kuma shiga cunkoson bakin kasuwa. Maimakon asibiti, na ce a fara tsayawa a wani kemis da na saba da shi, ko allurar zazzaɓi za ta tashe shi. Mai kemis ɗin yana leƙowa ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Kafin mu isa asibiti an yi sallar azahar. Ma'aikatan jinya suka sa almakashi suka yanke rigar da ledar, zufar da ta taru a ciki ta kwarara a ƙasa. Ina tsaye ina kallo suka yi ta sheƙa masa ruwa, suka jera masa ƙanƙara a wuya da hammata da cinyoyi, suka kunna masa fanka, wato duk abin da na hana. Bayan an shiga da shi ciki, likitar, wata mace mai magana a hankali, ta kira ni gefe. Ta ce zafi ne ya yi masa yawa har jiki ya kasa sanyaya kansa, kuma a irin wannan hali kowane minti yana cin ƙwaƙwalwa, abin da ake yi a farkon faɗuwa ya fi abin da za su yi a yanzu. Sai ta tambaye ni ko babu ruwa a kusa da inda ya faɗi.

Na ce babu.

Ya yi kwana shida bai san inda kansa yake ba. Ya farfaɗo, Allah ya bar mana shi, amma ba wanda na fita da shi ba ne ya dawo. Harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya ja ta kafin ta fito. Ba ya iya tafiya a miƙe sai da sanda ko dafa bango, in ya ɗauki kofin shayi rabi a ƙasa yake ƙarewa. An ce zafin ya taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da daidaiton jiki. Mun yi ta zuwa gashin ƙashi a asibiti, an samu ɗan sauƙi, daga nan abin ya tsaya. Ranar tantancewar ta zo ta wuce yana kwance. Takalman gudun da ya saya suna nan a ƙarƙashin gadonsa, ba wanda ya iya bayar da su.

Bai tuna komai na ranar ba. Abin da ya sani shi ne abin da aka gaya masa, cewa ya faɗi, yayansa ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai shi asibiti. Yanzu kullum tare muke zuwa shago, yana zama a kan benci a bakin ƙofa yana gaisawa da mutane, don dariyarsa ba ta tafi ba. In baƙo ya tambayi abin da ya same shi, sai ya nuna ni da sandarsa, ya ja maganar a hankali ya ce ba don Yaya ba da tuni an manta da shi. Ni kuma in ci gaba da auna yadi. Inna ma ta samu nata bayanin. Ta tsaya kai da fata cewa ƙanƙarar da aka jera masa a asibiti ce ta shanye masa ƙafafu, duk wanda ya zo dubiya sai ta gaya masa, ta ƙara da cewa da ni kaɗai aka bar wa shi da bai zama haka ba. Tana sa mini albarka, ina cewa amin.

Dattijon mai ruwa har yau yana bi ta layinmu. Yakan tsaya ya gaishe da ƙanena, ya tambaye shi jiki, ya ɗaga mini hannu ya ce wushe, wato sannu da yarensu, ya tura kurarsa ya wuce. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, bai taɓa yi mini wani kallo ba. Da ya tona mini asiri a tsakiyar kasuwa, ina jin da na samu abin da zan ji. Mutane suna ɗauka mai irin laifina kuka yake kwana yi. Ni ban yi kuka ba ko sau ɗaya. Ina ci, ina sha, ina ciniki, an yi mini haihuwa na yanka rago, amma duk abin yana wucewa ta gabana kamar a gidan maƙwabta ake yi. Tun daga ranar da na ce wa likitar nan babu, wani abu ya daskare a ƙirjina, bai sake motsi ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma na koye shi a makare. Mahaifinmu da nake kwaikwayo tafiya yake yi a hankali bayan shanu, da malafa da riga mai shan iska, in rana ta take ya nemi gindin bishiya. Bai taɓa gudu a cikin leda ba. Na ɗauki rabin abin da na gani na ɗora wa yaron da ya yarda da ni. Don haka ina roƙon duk mai motsa jiki, ko mai horar da wani, ko mai aiki a fili a wannan bazara, ya yi da sassafe ko da yamma, ya sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama shi, kada ya naɗe jikinsa da abin da zai hana shi shan iska. In kan mutum ya fara sarawa, ko fitsari ya yi duhu, a tsaya. In kuka ga wanda ke cikin rana ya fara tangaɗi ko sambatu, ko mai ladabi ya fara zagi, kada ku tsaya jin haushi. Ku kai shi inuwa, ku cire masa kaya, ku sheƙa masa ruwa ku yi ta fifita, sannan ku nufi asibiti kai tsaye. Ruwan ba zai shanye masa jiki ba. Kuma in wani ya zo da taimako, ko da mai tura kura ne, ku sakar masa hannu.

Na ce kada a sa sunana, amma na san ba ɓuya na yi ba. Ƙanwarmu tana sayen mujallar nan, kuma ita ke karanta wa Inna bayan la'asar, autanmu na gefe yana saurare. Shekara huɗu ina neman bakin da zan faɗa da shi ban samu ba. Ƙanwata, in kin kawo nan, kada ki tsallake, ki karanta musu yadda na rubuta. Inna, ba ƙanƙarar asibiti ba ce. Akwai ruwa a wurin, jarka guda a buɗe a kusa da kansa, ni na hana a zuba.