Lungun da Yaya Isyaku Ya Auna da Makara

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Isyaku Safiyo, wanda ya zana unguwarmu a nan Suleja. Allah Ya jiƙansa.

Tun kafin gwamnati ta tare a Abuja aka ba shi wata tsohuwar gona ya yanka filaye. Abokan aikinsa da tef suke awo, shi kuwa yana da nasa ma'auni. Duk lungun da ya zana sai ya tabbatar mutum huɗu ɗauke da makara za su wuce, su sha kwana ba tare da sun karkata ta ba. Mukan zolaye shi cewa ya fi kula da matattu a kan masu rai. Sai ya ce, "Inda makara ta wuce, amarya ma za ta wuce, ruwan sama ma haka."

A kan wannan zane masu tsara birane suka ba shi lambar yabo, wani ɗan allo mai rubutun tagulla. Ban je bikin ba. Cewa na yi allo ba ya cika tukunya.

Bayan rasuwarsa ma'aikatan Abuja suka cika gari suna neman haya. Ni na fara cin taku uku daga lungun gidanmu, na yi ɗaki na sa wani malamin makaranta ɗan Filato. Maƙwabta suka ga ƙanin mai zanen ya yi, wa zai hana su? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Watan jiya matarsa Hajara ta rasu. Muka ɗauko ta, a kwanar lungu makara ta ƙi juyawa, kuma bangon da ya tare ta nawa ne. Dole muka miƙa ta ta saman katangar maƙwabci. Babban ɗansu ya ce mini, "Baffa, riƙe nan." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da Yaya zai ga unguwar yau, na san ba zai yi faɗa ba. Zai auna lungun da ƙafarsa ne kawai, ya dube ni.

Allon yana nan rataye a zaure, amma ba shi ne gadonsa ba, faɗin lungun nan ne, kuma ni na cinye. Na faɗa wa malamin cewa da kaka zan rushe ɗakin. Taku ukun za su dawo. Hajara ce dai ba za ta dawo ta bi hanyar da mijinta ya auna mata ba.