Ranar da Na Tafi Neman Bizar Daura

Shekarun baya, ina sabon gama lakwal, wato makarantar boko, kaina cike da Faransanci, saƙo ya iso mana Matameye cewa ɗiyar ƙanwar mahaifiyata ta haihu a Daura, suna ranar Lahadi. Mahaifiyata ce ta goyi yarinyar nan tana ƙarama, ga shi ta daɗe rabonta da ƙanwarta. Mahaifina yana cin rani a Kano, sai rakiya ta faɗo kaina.

Ni kuwa ban taɓa tsallaka iyaka ba. Na ce, "Inna, wata ƙasa ce fa. Ba a shiga sai da biza."

Ta dube ni ta ce, "Daurar?"

Na ce ƙwarai, a littafi na karanta. Ta yarda, don a ganinta wanda ya yi boko ba ya faɗin abin da bai sani ba.

Na hau mota na tafi Damagaram. Kwana biyu ina zagaya biro-biro, ofis bayan ofis, da hotunanmu a ambulan. A rana ta biyu wani dattijon ma'aikaci ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, ƙasashen yankin nan sun daɗe da yarda a tsakaninsu. Kuna da katin ɗan ƙasa da takardar rigakafi? To, ku kama hanya."

Na dawo gida ranar Asabar da la'asar. Na tarar Inna zaune kan ƙullin kayanta, ga turmin atamfa, ga kwallar dubulan, idonta ya yi ja. Ta riga ta fidda rai. Da na gaya mata, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "To, Malam mai biza, ɗauki kwalla."

Da sassafe muka kai bakin iyaka a Ɗan Barto, muka tsallaka. A ɓangaren Najeriya na gyara tsayuwa na soma yi wa jami'i bayani da Faransanci. Ya ƙura mini ido. Inna ta ture ni gefe ta ce, "Ɗan nan, ina kwana? Suna za mu."

"Masha Allah, Hajiya! Mace ko namiji?"

"Mace."

Ya duba katunanmu ya miƙo mana. "Allah ya raya. Amma idan kun dawo, ina jiran dubulan ɗina."

Mun isa ana rabon goro. Ƙanwar Inna ta fito da gudu ba ko takalmi, suka rungume juna suna kuka suna dariya. Nan muka ji ashe sunan Inna aka sa wa jaririyar.

Yanzu idan na ji a rediyo ana maganar sauƙaƙa biza tsakanin maƙwabta, nakan yi addu'a Allah ya tabbatar, ya kai har ƙasashen da ba su yi ba tukuna. Mu nan ba yawon buɗe ido ke kai mu iyaka ba. Suna ne, da biki, da gaisuwar mutuwa. Jaririyar nan bara ta yi aure, a Tsauni nan ɓangarenmu take zaune, kuma ni na ɗauko ta daga Daura.