Lamba Tara da Gwiwata ta Dama

A jami'a ba mai kiransa da sunansa, Lamba Tara kawai. In ya ɗauko ƙwallo, har masu rake a bakin fili sukan bar ciniki su miƙe. Ni ɗan baya ne, irin waɗanda ba a tunawa da su sai an ci su. A wani wasa tsakanin sashenmu da nasu ya yanke ni sau biyu, 'yan mata suka kwashe da dariya. A na uku na bar ƙwallon na bi ƙaurinsa da ƙafar dama. Har yau ina jin ƙarar ƙashin. Ban je asibiti duba shi ba, a lokacin ma daɗi na ji.

Shi ya rungumi littafi, ni na bar makarantar hannu rabbana.

Shekaru suka ja, ina dakon siminti a Riyad, na faɗo daga tsani gwiwa ta gurɗe. Na ɓoye wa kafil, ubangidan da takardar zamana ke hannunsa. Wata uku wani mai ɗori a gidanmu na unguwar Manfuha yana murza ta da man zafi. Da kafil ya ga ɗingishin, sai ya ce in kawo takardar likita: in ƙafar za ta yi aiki in zauna, in ba haka ba, gida.

Aka ce akwai Bahaushe likitan ƙashi a asibitin Shumaisi. Na ƙunshe kilishi na tafi, don a ganina na gida ba ya kunyata na gida.

Ina shiga na gane shi. Bakina bai yi shawara da ni ba.

"Lamba Tara!"

"Zauna, malam," in ji shi.

Ya daɗe yana latsa gwiwar.

"Likita, don Allah layi ɗaya. Ka rubuta lafiyarta lau. 'Ya'ya huɗu gare ni."

"Da ka zo a makon farko, da na gyara ta. Amma kai dama ba ka zuwa asibiti." Ya naɗe wandonsa, na ga tabon. "Wata uku ina kwance ina duban ƙofa."

Ya rubuta gaskiya, ko harafi bai ƙara ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ba ni da inda zan kai ƙara.

Ya miƙo mini takardar tare da kilishina, ya ɗingisa ya buɗe mini ƙofa.

"Ta dama ce ko?" Ya dubi ƙafata. "Na gane ta."