Musa da Parrain Ɗinsa

Har gobe ina tuna ranar da Alhaji Bubakar ya shigo ofishina yana yabon ɗalibinsa. Lokacin ni ke riƙe da shirin parrainage a jami'a, nan Agadez. Tsarin mai sauƙi ne: kowane sabon ɗalibi a haɗa shi da wani babba da ya san fanninsa, shi ne parrain, ya riƙa ba shi shawara kan karatu. Alhaji tsohon ma'aikacin ma'adinai ne, sai muka ba shi Musa, ɗan Iférouane mai karatun ilimin duwatsu.

"Madame, wannan yaro ɗan albarka ne," in ji Alhaji. "Bai taɓa fashin zuwa ba."

Na yi masa godiya. Sai dai da safen nan sakamakon zangon farko ya fito, Musa ya faɗi warwas. In ya sake faɗuwa za a yanke masa bourse, wato kuɗin tallafin karatu, ya koma ban ruwa a lambun mahaifinsa.

Na tambayi Alhaji me suke tattaunawa. Ya gyara rawani.

"To, gaskiya ba mai surutu ba ne. Yana share tsakar gida, ya wanke mota, ya dafa shayi. Shayinsa kuwa, Madame, sai wanda ya sha."

Na aika aka kira Musa. Ya ƙi kujera, ya durƙusa bakin ƙofa. Ashe da ya gaya wa mahaifinsa an ba shi wani babba a birni, tsohon ya ce ya yi masa hidima, kada ya dame shi da magana. Musa ya bi umarni sau da ƙafa. Alhaji kuma ya ɗauka yaron ya gane komai, tunda bai tambaya ba. Kowa ya gamsu da kowa, karatu ne kawai ya mutu.

Alhaji ya sauko daga kujera, ya zauna ƙasa kusa da shi.

"Ɗana, me ba ka gane ba?"

Musa ya dube ni, ya dubi Alhaji. "Ashe ana iya tambaya?"

Ban yi dariya ba, tausayi ne ya kama ni. Musa ya haye a jarrabawar gyara, da ƙyar.

Abin da na koya shi ne, yaranmu sun iya ladabi tun daga gida. Mu kuma mun ɓata lokaci muna koya wa manya yadda za su ba da amsa, babu wanda ya tuna ya gaya wa yaran cewa tambaya ba rashin kunya ba ce.