Iya Mai Kitso, Maƙwabciyar Gadon Ummata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Iya Mai Kitso a ɗakin mata na asibiti, a gadon da ke kusa da na mahaifiyata. Ni ba 'yarta ba ce, ba jikarta ba. Magana ma ba ta yi mini sauƙi, shi ya sa na rubuta.

Iya, lokacin da aka kwantar da Umma ni aka bari jinya, saboda Baba yana fita aiki, ƙannena kuma ƙanana ne. Ɗakin na waɗanda magani ya gama nasa ne. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Ni kuwa tsoron Umma nake ji. Ta rame har wuyan hannunta bai kai nawa ba. In na miƙa mata ruwa sai in kau da kai, in koma kujerar roba ina kallon ledar ƙarin ruwa tana ɗiga.

Ke kika fara kirana. Kika ce, "Ke Shiru-shiru, ledar nan ce ta haife ki? Juyo ki dubi uwarki."

Ciwonki ya fi na kowa, amma kullum sai kin sa an jingina ki da matashi an kawo miki kan wata. Kin ce macen da kanta ya cukurkuɗe ba ta son a zo duba ta. Masu zuwa gaisuwa sukan tsaya daga ƙafar gado su ce ai an samu sauƙi, kwana biyu za a sallame ku. Ban taɓa jin kin faɗa wa kowa haka ba. Tambaya kike yi: ina ke ciwo, wa kike son gani, manya za a yi miki ko ƙanana. Har nas kika tsokana, kika ce ta rage miki jijiya ɗaya da ba a huda ba ki tafi da ita.

Da yatsunki suka daina kamawa, sai kika miƙo mini matajinki. Kika nuna mini yadda zan zauna a bayan Umma in ɗora kanta a cinyata, in riƙa jiƙa mata leɓe da auduga. Kin gane ba na iya kallon fuskarta. Mai kitso kuwa a baya take zama. A haka Umma ta fara yi mini hira. Ta faɗa mini wanne cikin ƙannena ne yake cewa ya ƙoshi alhali bai ƙoshi ba. Ta ba ni labarin yadda ta taɓa gudu daga makaranta saboda an yi mata dariya. Tunda nake ban taɓa zama da ita haka ba.

Ranar da kika rasu an tura Umma ɗaukar hoto. Kafin a dawo da ita an cire zanin gadonki, katifa kawai. Baba ya ja ni waje ya ce in ta tambaya in ce an sallame ki, kada hankalinta ya tashi. Ban taɓa tsallake maganar Baba ba.

Da yamma ina tsefe mata kai ta ce, "Ina Iya?"

Na ajiye matajin. Na ce, "Umma, ta rasu."

Sai ta ce gobe in kawo mata ƙannena, amma ɗaya bayan ɗaya, tana da magana da kowannensu. Sun zo, ta yi musu. Baba dai har yau gaisuwa kawai yake amsa mini, Umma kuma ta rage cin abinci. Ban sani ba ko daidai na yi, Iya, kuma ba kya nan balle in tambaye ki.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Yadda kika tausasa wa marasa lafiya, Allah Ya tausasa miki makwanci. Ga 'yarki da take zuwa kullum bayan ta tashi daga shago, da jikokinki, Allah Ya ba ku haƙuri. Don Allah wanda ya karanta wannan ya sa Ummata a addu'a, ya sa Baba ma.