Saƙonnin da Ramatu Ta Bari a Kwamfutar Mangaza

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Ramatu, kuma saƙonta na baya-bayan nan ya iso mini wata huɗu da suka wuce. Na san yadda wannan magana za ta sauka a kunnen mai karatu. Ni ma musulmi ne, da hannuna na sa ta a kabari a Djougou, kuma na san wanda ya tafi ba ya aiko da takarda. Amma kowace shekara nakan rubuta mata 'yan layuka a wannan fili ina ɓoye rabin zancen. Bana na ga gara in faɗa duka.

Mu uku mahaifinmu Alhaji ya bar wa sana'arsa ta hatsi: ni ne babba, sai Ramatu, sai autanmu Idirisa. Kakanninmu fataken goro ne da suka ya da zango a Djougou suka ƙi tashi, mu kuma muka koma masara da waken suya da kashu. Mangaza biyu gare mu, wato manyan ɗakunan ajiyar kaya: ta asali a Djougou a hannun Idirisa, da wadda na gina a Parakou kan hanyar Tourou. A zamanin Alhaji komai a kansa yake, daga adadin buhuna har direban da matarsa ta haihu. Da ya rasu muka gano kawunanmu uku ba su kai nasa guda ba. Na taɓa tura kamiyo, wato motar ɗaukar kaya, fanko tun daga Parakou ta ɗauko masarar da Idirisa ya riga ya sayar shekaranjiya.

Ramatu ce ta yi karatu mai zurfi a cikinmu, ita ce kuma ta kawo tsarin nan na kwamfuta da masu boko ke kira ERP. Na yi gardama iyakar ƙarfina, don ni mutum ne da ba ya son abin da bai iya ba. Ta zaunar da ni kan buhu ta ce, "Yaya, yanzu mai mangaza na da littafinsa, mai kamiyo na da nasa, mai saye a ƙauye na da nasa, kowa na yin ƙarya ba da niyya ba. Wannan lojisiyel ɗin, wato manhajar, littafi ɗaya ne da kowa ke rubutu a ciki. In aka auna buhu a Kolokondé, kai a Parakou ka gani, direba ya san da kaya, mai jira a Kwatano ya san ranar isowa." Na ce ban ga abin da waya ba ta yi a nan ba. Ta ce waya ba ta tuna abin da aka faɗa jiya.

Shekara guda ta yi tana koya wa ma'aikata, tana shan tsaki da harara. Daga ƙarshe abin ya zauna, kamiyo ba ta sake tafiya fanko ba, ni kuma na shiga gaya wa abokaina cewa da shawarata aka yi. Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne, ba ajiye labari kaɗai tsarin yake yi ba. Ana iya kafa masa sharaɗi, a ce masa in kaza ya faru ka yi kaza, ko ka nuna wa wane wannan rubutu. Zai riƙe umarnin ya jira, ko da shekara goma ce, ba ya mantuwa kuma ba ya jin labarin mutuwa.

Ciwonta ya ɗauki shekara da rabi. Duk ranar da ta ji dama-dama sai ta sa a kawo ta mangaza da hantsi, ta zauna kan kujerarta, kwamfuta a cinya, tana rubutu da yatsun da suka koma kamar tsinke. Na sha yi mata faɗa, na ce aikin nan ba zai gudu ba. Sai ta ce, "Gyara nake yi, Yaya." Na ɗauka gyaran lissafin buhuna take nufi, na ƙyale ta.

Wata biyu bayan jana'iza, wata safiyar Talata, Malam Sidi ya zo ofishina ba takalmi a ƙafarsa. Malam Sidi shi ne mai riƙe da makullin mangazar Parakou, dattijo ne da ya yi wa Alhaji aiki tun ina goye. Hannuna kawai ya kama ya ja ni. An kawo masara daga Kolokondé, ya shigar da ita a kwamfuta kamar kullum, sai wani akwati mai ruwan ɗorawa ya buɗe a tsakiyar gilashin, sunanta a sama. An rubuta: "Malam Sidi, ina kwana. Masarar Kolokondé ta ƙarshen damina ce wannan. A shanya ta kwana biyu kafin a jibge, kuma kada ta jingina da bangon gabas." Leburori suka taru a bakin ƙofa, babu wanda ya yarda ya tako ciki. Ni kaina gashin jikina ya tashi, don har yadda take jan "ina kwana" ɗin na ji a kunnena. Muka farke buhu ɗaya, na cusa hannu, masarar da sanyin danshi.

Limamin unguwarmu da na kai wa maganar ya ce wasiyya ce kawai, ba ta da bambanci da takardar da mutum ya bari a ƙasan akwati. Gaskiya ya faɗa, na kuma yarda da shi. Sai dai takardar ƙasan akwati ba ta jira sai ranar da kake buƙatarta sannan ta kira ka da sunanka. Malam Sidi bai sake taɓa kwamfutar ba sai ya yi bisimilla, kuma duk safiya in ya kunna ta yakan yi sallama a hankali, yana zaton ba na ji.

Haka saƙonnin suka riƙa zuwa, wani lokaci uku a wata, wani lokaci a shekara ba ko ɗaya, har mu saki jiki. A shekara ta uku na sa wa wani direba tafiya biyu a jere zuwa Pélébina, akwatin ya buɗe: "Yaya, mutumin nan bai huta ba. Ka ba wani." Na ji haushi kamar tana tsaye a kaina, na kuma ba wani. Wanda ya fi girgiza ni ya zo bara waccan, ranar da 'yata Hauwa ta gama karatu ta kama aiki tare da mu. Shekararta goma sha huɗu lokacin da gwaggonta ta rasu, kuma ba wanda ya taɓa cewa hatsi za ta yi. Ina gama shigar da sunanta cikin jerin ma'aikata sai ga shi: "Hauwa, sannu da zuwa. Ƙafa ɗaya ta kujerata gajera ce, ki sa mata kwali." Hauwa ta juya ta kalli kujerar da ke kusurwa shekara biyar ba mai zama. Ta je ta taɓa ta, kujerar ta yi rawa.

Hauwa ce ta shiga cikin tsarin daga baya ta ce mini saura saƙo uku da ba su buɗe ba, kuma in ina so za ta iya fito da su duka in karanta. Na ce ta bar su. Tsoro ne ko rowa, ban sani ba. Na dai san in na karanta su a zama ɗaya, Ramatu ta gama magana ke nan.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga yadda muke a yau. Kaya sun ƙaru, mangazar Parakou ta yi biyun yadda ta bar ta, 'yan kasuwar da suka yi mana dariya yanzu suna turo 'ya'yansu su koya. Wannan zai yi mata daɗi. Amma akwai abin da tsarin ya ci wanda ba na jin ta yi niyya. A da, dole in kira Idirisa safe da yamma in ji buhu nawa suka shigo, a cikin haka in ji lafiyar yara, ya tsokane ni kan tumbina, in zage shi. Da komai ya koma gilashi sai kiran ya zama ba dole ba. Ina ganin duk motsinsa, yana ganin nawa, ba mai jin muryar wani. Ranar da ya karkatar da babbar kamiyo zuwa ɗaukar kashu alhali na riga na sa mata waken suya, ban kira shi na ji dalili ba. Na soke umarninsa daga Parakou, shi ma ya soke nawa daga Djougou. Shekara biyu muka yi a haka, ko a gidan biki sai dai mu gaisa da ka.

Wata huɗu da suka wuce muka aika wa juna ta bakin dangi cewa a raba: ya riƙe Djougou, in riƙe Parakou. Hauwa ta duba yadda za a raba tsarin gida biyu, ta dawo ta ce, "Baba, Gwaggo ta kulle wurin. Sai kai da Baba Idi kun sa lambobinku na sirri a kwamfuta ɗaya, kuma sai ta Djougou, ta farkon nan." Na yi tsaki na ce ko a kabari yarinyar nan ba za ta daina juya mu ba. Amma na shiga mota.

Mun haɗu da hantsi a ƙaramin ofishin Alhaji, inda tsohon sikelinsa na ƙarfe yake har yanzu. Idirisa ya yi furfura a gemu, ban sani ba sai ranar. Na sa lambata, ya sa tasa, ba wanda ya kalli wani. Akwatin mai ruwan ɗorawa ya buɗe.

"Yaya, Idi. To, kun zo. Ba zan hana ku ba. Babbar kamiyo ta Parakou ce, ƙananan biyu na Djougou. Sikelin Alhaji ba ya rabuwa, ku bar shi inda yake. Malam Sidi ya zaɓi wanda zai bi da kansa, in yana raye. Da zarar kun danna 'E', sauran saƙonnina za su goge, don ban san gidan wanda zan bi ba a cikinku. Amma ku ci abinci tukuna. Yaya ba ya yanke shawarar kirki da yunwa."

Malam Sidi ya rasu bara. Wannan "in yana raye" ɗin ne ya sa na zauna kan sikelin. Tana kwance tana ƙirga kwanakinta, amma ta zauna ta hango ranar da za mu tsaya a nan muna ƙin kallon juna, ta raba mana kaya daidai yadda da kanmu za mu raba bayan wata shida na rigima. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba a gaban mai rai. Idirisa ya ɗauke idonsa daga gilashin ya ce, "Yaya, akwai sakwara a gida." Muka bar tambayar a buɗe, maɓallin "E" da na "A'a" suna jira, muka tafi.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce mun shirya tsaf ba. Maganar kamiyo tana nan, kuma har gobe ni ke da gaskiya. Amma ba mu danna ba. Kwamfutar Djougou tana nan yadda muka bar ta, Idirisa ya lulluɓe ta da zane ya sayi wata don aiki, kuma duk ranar da ya ga dama yana iya ɗaga zanen ya danna shi kaɗai, tunda lambata tana ciki. Kowace safiya in na kunna tawa a Parakou, abin da nake fara dubawa shi ne ko mangazar Djougou na nan a jeri. In na gan ta sai in ɗauki waya in tambaye shi buhu nawa suka shigo, alhali adadin yana gabana. Shi ma yakan faɗa mini kamar bai san na sani ba.

Mutane suna tuna Ramatu da cewa ita ce ta shigo da zamani cikin kasuwancin gidanmu, wannan kuwa haka ne. Amma kwamfutoci suna tsufa, an ma fara ce mana tsarin ya kamata a sabunta shi. Abin da na ga ya saura nata shi ne irin sanin da ta yi mana: ta san bangon da ke jiƙa, ta san direban da ba ya cewa ya gaji, ta san yayanta da yunwa. Duk abin da ta zuba a na'urar nan, sai da ta fara kallon mutum ta gane shi. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta daga gyaranmu.

Saura saƙo biyu. Na hana Hauwa karanta su, amma makon jiya na kasa haƙuri na ce ta gaya mini sharaɗin buɗewarsu kawai. Ta ce ɗaya zai buɗe ranar da aka cire sunan Idirisa daga jerin masu aiki, ɗayan kuma ranar da aka cire nawa. Wato ɗayanmu zai zauna wata safiya ya goge sunan ɗan'uwansa da hannunsa, Ramatu ta yi masa magana. Ban san wanda zai zama ba a cikinmu, kuma na kasa sanin wanne nake roƙo. Na ƙarshen kuwa Hauwa ce za ta karanta, tana zaune kan kujerar da ta sa wa kwali.